Yadda Ake Kaɗa Jitar Bes a Ƙungiyar Kiɗa: Daga Sayen Kaya Zuwa Hawa Dandamali

Bayan mun sauka daga dandamali a wata dina a nan Gombe, wani yaro ya biyo ni har inda nake naɗe waya, ya ce, "Yaya, don Allah ka koya mini marin nan da ake yi wa bes da babban yatsa." Na ce masa, "Ƙanena, za ka iya riƙe sauti huɗu kacal na tsawon minti ashirin, ba ka yi gaba ba, ba ka ja baya ba, mutane suna rawa a kai?" Ya ce bai taɓa gwadawa ba. To, abin da ake ɗaukar mai bes dominsa ke nan. Mai waƙa da mai fiyano su ake kallo, amma ƙafafun masu rawa kai da mai duram suke bi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, daga sayen jita har zuwa jona wuta, hanya ce ta tabbatar da cewa ƙasan kiɗan bai girgiza ba.

Mataki na farko: jitar da za ka saya

Fara da mai tsirkiya huɗu. Daga mai kauri zuwa siririya ana saita su E, A, D, G. Tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, sannan Jazz Bass a 1960, yawancin jitocin da ke kasuwa sifar waɗannan biyun suke bi, tsawon tsirkiyarsu inci 34 daga kai zuwa gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a jikin jitar. Mai tsirkiya biyar tana da ƙarin B a ƙasa, kuma makaɗan coci suna sonta saboda waƙoƙin da ke sauka ƙasa da E. Tana da amfani, amma ƙarin tsirkiya ƙarin aikin kashe ƙara ne, kuma ƙaramar sifika ba ta iya fitar da B ɗin da kyau. Ka bari sai hannunka ya faɗa.

Yawancinmu ta hannu muke saye, ko a sa wani ya kawo daga Jos ko kasuwar Alaba a Legas. Squier, Yamaha, Ibanez da Cort suna da masu sauƙin kuɗi da za su yi maka shekaru. Kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ɗaga jitar ka hangi wuyanta daga kai zuwa jiki kamar yadda kafinta ke hangen katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne, amma in wuyan ya murɗe gefe ɗaya, ajiye ta, ba mai gyara maka ita a nan kusa. Danna kowane firet, wato ƙarafan nan da aka jera a wuya, tun daga na farko har na ƙarshe, a kowace tsirkiya, ka saurari ko akwai inda sautin ke mutuwa ko yake zizar ƙarfe. Jona ta a amf, wato na'urar ƙara murya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza bakin jak ɗin, inda waya ke shiga jitar. Ƙarar maɓalli da jak mai gyaran rediyo zai magance maka da dalma cikin minti goma. Wuya shi ne abin da ba a wasa da shi.

Ka tambaya ko tana amfani da batir. Masu batir suna ɗaukar ɗan batir ɗin nan mai bolt 9, kuma muddin jak yana ciki batir yana ci, ko ba ka kaɗawa. Ni na fi ba sabon makaɗi shawarar wadda ba ta da batir, don abu ɗaya ne ya ragu cikin abubuwan da ke iya mutuwa ana tsakiyar wasa.

Saiti, da abin da hunturu ke yi wa katako

Wannan ne wajen da 'yan'uwanmu na kudu ba su cika damuwa da shi kamar mu ba. Jitar da aka saita a danshin Legas, in ta kwana wata guda a busasshiyar iskar Disamba da Janairu ta Gombe, katakon wuyanta zai tsuke. Za ka ji bakin firet ya fito yana kartar tafin hannunka, kuma yawanci tsirkiya ta yi sama, dannawa ya yi wuya. Da damina ta sauka katako ya sha danshi, sai abin ya juya, tsirkiya ta kwanto ta fara ziza. Don haka sau biyu a shekara kake duba saiti.

Ga yadda ake yi. Saita muryar tsirkiyoyin tukuna. Danna tsirkiyar E a firet na farko da hannu ɗaya, ka danna na ƙarshe da ɗayan, ka dubi tazarar da ke tsakanin tsirkiya da firet na bakwai ko na takwas. Kaurin katin gayyatar biki ya isa. In tazarar ta fi haka, akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake ɗaurewa da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai baki shida: murɗa ta hannun dama rubu'in zagaye kawai, ka sake saita murya, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. In babu tazara ko kaɗan, sassauta ta hagu. In ka ji ta cije, tsaya, kada ka yi mata ƙarfi. Bayan nan ka daidaita tsayin tsirkiya a gada, kimanin milimita 2 zuwa 2.5 a firet na goma sha biyu.

Kada ka bar jita a but ɗin mota a zafin Maris da Afrilu, kada kuma ka jingina ta a rana. Ka ajiye tsumma a jaka, ka goge tsirkiya bayan kowane wasa, don gumi da ƙura ne ke kashe muryarta. Sabbin tsirkiyoyi suna da tsada, kuma ba kullum ake samunsu a gari ba. Tsohuwar dabara ita ce a cire su a tafasa a ruwa na minti goma zuwa sha biyar, a shanya su bushe sarai, a mayar. Muryar takan dawo na 'yan makonni. In za ka sayi sababbi, girman 45 zuwa 105 shi ne tsaka-tsaki. Kada ka zubar da tsofaffin, su ne na ko-ta-kwana.

Hannu da kunne

Hannun dama, yatsa biyu, manuni da na tsakiya, bi da bi kamar tafiyar ƙafa. Babban yatsa ya zauna a kan pikof, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sautinta, ko a kan tsirkiyar da ba ka kaɗawa. Kada ka fizgi tsirkiya sama, ja ta zuwa jikinka har yatsan ya faɗa kan ta kusa da ita. Kuma kada ka kaɗa da ƙarfi don a ji ka, ƙara murya aikin amf ne. Mai kaɗawa da ƙarfi kafin a yi rabin biki hannunsa ya riƙe.

Mu a nan da do, re, mi muke magana, kuma wannan ya sauƙaƙa wa mai bes rayuwa, domin sifa ɗaya ce a ko'ina. Ɗauki ki na G, wato waƙar da do ɗinta yake kan sautin G. Do yana firet na uku a tsirkiyar E. Fa yana firet na uku a tsirkiyar A, wato kai tsaye a ƙasansa. So yana firet na biyar a tsirkiyar A. La yana firet na biyu a tsirkiyar D. Do na sama kuwa, tsallake tsirkiya ɗaya ka matsa firet biyu gaba. In mai waƙa ya koma A, kwashe wannan sifa gaba ɗaya ka matsar da ita firet biyu. Da do, fa, so, la kaɗai za ka raka mafi yawan waƙoƙin biki da na coci. Ka riƙa rera su da baki kana dannawa, har ya zama in ka ji mai waƙa ya nufi so, yatsanka ya riga tunaninka zuwa.

Abin da sababbi ba sa kula da shi shi ne kashe sauti. Tsirkiyar da ka bari tana ruri bayan ka wuce ta, a ɗaki ba za ka ji ta ba, amma a manyan sifiku gunji za ta zama, ta dagula duk kiɗan. Inda sautin ya ƙare yana da muhimmanci kamar inda ya fara. Ɗan sassauta yatsan hagu ba tare da ka ɗaga shi daga tsirkiya ba, sautin zai mutu nan take. Gwada layi ɗaya da dogon sauti, ka sake gwada shi da gajere, za ka ji rawa biyu daban.

Sauke metronom a wayarka, wato manhajar da ke buga lokaci daidai ba sauri ba jinkiri. Sa shi a 70, ka kaɗa layi ɗaya na minti biyar ba tsayawa. Sannan ka ɗauki kanka a waya ka saurara. Kusan kowa yana gudu in ya zo inda ya iya, yana ja baya in ya zo inda ke masa wuya. Minti talatin kullum ya fi awa biyar ranar Asabar kaɗai.

Kai da mai duram

Idonka da kunnenka su kasance a kan gangar ƙafarsa. Inda ta sauka, nan sautinka zai sauka, har mai sauraro ya kasa raba ku. Ka nemi ku riƙa bita ku biyu kaɗai, ba fiyano, ba mai waƙa. Rabin awa irin wannan kafin sauran su iso yana gyara abin da faɗa a kan dandamali ba ya gyarawa. A wurin wasa ka tsaya kusa da shi, inda za ka ga ƙafarsa ku kuma haɗa ido.

Kiɗan da ake nema a wurinmu iri-iri ne cikin dare ɗaya. Za a nemi hailaif, a nemi makosa, a nemi regge, sannan iyayen amarya su shigo fili a nemi na gida. Na gidan da yawa a kan shida-shida yake tafiya: ƙirga ɗaya zuwa shida, nauyin yana kan ɗaya da huɗu. Makaɗin da ya saba da huɗu-huɗu kaɗai yakan miƙar da shi, sai rawar ta rasa lanƙwasarta, tsofaffi su tsaya suna kallonku. Je ka zauna kusa da masu kalangu a wurin biki ka saurara, ka taka da ƙafa, ka dawo gida ka nemo shi a jita. In ana gayyatar ku Billiri ko Kaltungo, tambayi 'yan garin da ke cikin ƙungiya yadda ake taka rawar Tangale kafin ranar, kada ka tsaya zato. In kuma akwai mai kalangu a tare da ku, rage yawan abin da kake kaɗawa. Kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka, kuma yana bukatar fili. Ka ba shi do da so masu nauyi, shi ya yi zancen.

Amf, waya da wuta

In za ka tsaya kusa da duram, amf mai ƙarfin wat 200 zuwa 300 shi ne mafi ƙaranci da zai sa ka ji kanka ba tare da ka ƙure shi ba. Sifika ɗaya mai inci 15 tana da nauyin murya, huɗu masu inci 10 sun fi fito da sautin a fili. Hartke, Peavey, Ampeg, duk suna aiki. Ka tuna dai kai za ka ɗora shi a Keke Napep, ka sauke, ka hau da shi bene. Kada ka jona bes a amf ɗin ƙaramar jita ka ƙure, sifikarsa za ta yage.

In amf ɗin da akwatin sifikarsa daban suke, karanta abin da aka rubuta a bayansu. Om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta, kuma akwati biyu masu om 8 in aka haɗa sun zama om 4. Biyu masu om 4 sun zama om 2, kuma amf da yawa ba sa ɗaukar haka, sai su yi zafi su mutu. Wayar jita da wayar sifika kamanninsu ɗaya a ido amma cikinsu daban, kada ka musanya su.

Sayi ɗan akwatin DI in amf ɗinka ba shi da shi a jiki. Shi ne ke kai sautinka miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin kowa, ta wayar makirufo, tsaf, ko da nisa. Ranar da amf ya ƙi tashi, da DI kaɗai za ka gama wasa.

Sai maganar wuta, wadda ta fi komai cinye mana kaya. Kayanmu bolt 230 suke so, janaretan wurin biki kuwa abin da ya ga dama yake bayarwa. Na taɓa rasa amf a wani biki a kan hanyar Kumo. An jona mu layi ɗaya da firizojin lemo, man inji ya kusa ƙarewa ya fara tari, fitilu suka yi ƙasa suka yi sama, sai warin ƙuna. Wata uku ina aron na wani. Tun daga ranar ba na jona komai sai ta sitabilaiza. Ka bari a tada inji ya daidaita kafin ka kunna naka. Ka nemi layin kayan kiɗa daban da na firiza da na'urar sanyaya ɗaki. Da ka ji muryar inji ta canza, kashe amf tukuna, tambaya daga baya. Amf shi ake kunnawa ƙarshe, shi ake fara kashewa.

Wani abu da ya shafi rai: tsirkiyar jita a haɗe take da ƙasan wutar amf, wato wayar da ke bi ta ƙafa ta uku ta fulogi. In wayarin wurin ba shi da kyau, ka riƙe tsirkiya ka taɓa makirufo da leɓe, wuta za ta iya bi ta jikinka. Ka riƙe testa a jaka, ka taɓa jikin amf da kan makirufo kafin a fara. Kada ka yi wasa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, musamman a rumfar damina. In akwai gunjin wuta a sifika, danna maɓallin ɗage ƙasa da ke jikin DI. Kada ka taɓa yanke ƙafa ta uku ta fulogi don maganin gunji.

Ranar wasa

Haɗa jaka tun daren jiya: wayar jita biyu, wayar wutar amf, wayar jona mai tsawo taka ta kanka, tuna ta saita muryar tsirkiya, batir, tsofaffin tsirkiyoyi, alanki, sukundireba, testa, salatif, tocila, tsumma, ruwan sha. Ka sa alama a wayoyinka da salatif mai launi, don a duhun ƙarfe ɗaya na dare duk waya baƙa ce.

Iso da wuri, awa biyu kafin lokaci. Je ka gaida mai miksa da sunan girmamawa, ko da ka girme shi, domin abin da jama'a za su ji a hannunsa yake. Ajiye amf a bayanka, ɗan nesa da kusurwa, don kusurwa tana ninka gunji. Ɗora shi a kan kujera ko ka ɗan kishingiɗar da shi ya kalli kunnenka. Wanda ya bar shi a ƙasa, gwiwarsa ce ke ji, shi kuma ya yi ta ƙara murya har ya rufe kowa.

Fara da duk maɓallan gyaran murya a tsakiya. Ɗakunan taronmu yawanci tayil ne a ƙasa, siminti a bango, don haka ƙasan sauti taruwa yake yi. A irin nan rage maɓallin bes, ka ɗan ƙara na tsakiya, wajen 700 zuwa 1000 in amf ɗinka yana nuna lamba. Shi kaɗai zai yi maka kamar ya bushe, amma da an haɗu za a ji kowane sauti a rarrabe. A fili kuwa, inda ba bango, za ka iya mayar da nauyin. Da doguwar waya ka sauka ka shiga inda mutane za su zauna ka saurara. Ka roƙi mai fiyano cikin ladabi ya ɗauke hannun hagunsa daga ƙasan fiyano, don in ku biyu kuna kaɗa bes, babu wanda za a ji. Saita murya da tuna, amf a rufe, ba a gaban baƙi ana ji ba.

A kan dandamali

Tambayi ki kafin kowace waƙa, kuma kada ka dogara da kallon yatsun mai fiyano. Da yawa suna danna maɓallin canza ki su ci gaba da kaɗawa a inda suka saba, sai ka ga C a hannunsa alhali E ke fita. Kunnenka za ka bi. In mai waƙa ya ɗauko waƙar da ba ku yi bita ba, kuma zai ɗauko, rage murya, nemo do a hankali a tsirkiyar E, ka shiga a farkon zagaye na gaba. In ka ɓace a tsakiya, kashe tsirkiya ka riƙa buga ta a mace tare da gangar ƙafa har ka gane inda ake. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Lokacin liƙi shi ne jarrabawar gaske. Mai waƙa zai kama kirarin dangin ango, ya bi na amarya, ya koma kan manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ku kuwa kuna kan zagaye ɗaya minti ashirin ko fiye. Hannu zai yi maka ƙaiƙayi ka ƙara ado. Daure. In za ka yi kwalliya, yi ta a ƙarshen zagaye na huɗu ko na takwas, inda mai waƙa ke jan numfashi, ka dawo kan do daidai lokaci. In yana ambaton suna, ku yi ƙasa da murya a ji sunan, don wanda bai ji sunansa ba ba zai taso ba. In ya ɗaga hannu, ku tashi tare. Ku yi yarjejeniya tun a bita a kan alamar tsayawa, da ta komawa amshi, da ta hawa ki. Ku kuma ajiye faranti ko kwando a gaba, saboda sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da tattake ta.

In tsirkiya ta tsinke, gama waƙar a sauran ukun. Shi ya sa ya kamata ka san kowane sauti a wuri biyu. In an kira salla ko mai gabatarwa ya karɓi magana, rufe maɓallin muryar jitarka gaba ɗaya. Ka sa toshen kunne in kana kusa da farantan duram. Ƙarar nan da kake ji a kunne bayan ka kwanta alama ce ta lahani, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Kuɗi da tattara kaya

Maganar kuɗi a gama ta kafin a ɗora kaya a mota. Shugaban ƙungiya ya karɓi kafin alƙalami, a san wa zai biya mota da man inji, a san ƙarfe nawa za a tashi, a kuma san yadda za a raba liƙi. Wasan wajen gari, kamar Bajoga ko Dadin Kowa, a tsayar da maganar kwana ko dawowa tun da rana. Ƙungiyoyi da yawa da na sani ba kiɗa ne ya raba su ba, rabon kuɗin da aka bari sai tsakar dare ne.

Da an tashi, rufe murya, kashe amf, sannan ka zare jak. Jita ita ce farkon shiga jaka, don a hayaniyar tashi ake taka ta. Naɗe waya a zagaye yadda ta saba kwanciya, kada ka naɗe ta a gwiwar hannu, haka ne ke karya ta daga ciki. Haska tocila a bayan dandamali ka ƙirga kayanka da bakinka. A mota amf ya zauna a tsaye, fuskar sifika tana kallon kujera, jita kuwa a cinyarka ko tsakanin ƙafafunka. Washegari da safe ka buɗe jakar ta sha iska, ka goge wuyan, ka saurari abin da ka ɗauka a waya jiya, ka rubuta wurare biyu da za ka kai wa mai duram a bita ta gaba.